Yadda Ake Haɗa Adon Bango na Inamel da Jan Ƙarfe Domin Makarantar Gwamnati

Inamel garin gilashi ne mai launi da ake barbaɗawa a kan ƙarfe, sannan a sa shi a tanderu mai zafin digiri 750 zuwa 850 na ma'aunin Salshiyas har ya narke ya manne da ƙarfen. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 1085, saboda haka yana jure wannan wuta sau da dama ba tare da ya lalace ba, kuma wannan ne ya sa tun ƙarni na 12 masu sana'a na birnin Limoges a Faransa suka yi suna da aikin inamel a kansa. Abin da ya sa aikin ya dace da makaranta shi ne launinsa ba ya koɗewa da rana, hannun yara ba ya goge shi, kuma tsumma mai laima ya isa ya tsaftace shi. Wasu hukumomi ma sun daɗe da ware kuɗi domin irin wannan ado: Faransa ta fara ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gina makarantu domin ayyukan fasaha a shekarar 1951, jihar Washington ta Amurka kuma ta kafa nata tsarin a 1974 da rabin kashi ɗaya cikin 100.

Adon da ake bayani a nan zayyana ce mai maimaituwa, wadda ake haɗawa ta hanyar jera ƙananan fallayen jan ƙarfe masu inamel a kan allo ɗaya. Sai dai irin wannan zayyana ba ta ɓoye kuskure. Idan hoton bishiya aka zana, reshe ɗaya ya ɗan karkace, babu wanda zai lura, amma idan murabba'i sittin da huɗu aka jera, ɗaya ya fi sauran duhu ko ya gaza su da milimita biyu, a kansa ido zai fara sauka. Don haka yawancin wahalar wannan aiki ba a gaban tanderu take ba, tana cikin shawarwarin da ake yankewa tun kafin a kunna shi.

A fara da bangon

Kafin a sayi ko da falle ɗaya na jan ƙarfe, a je a tsaya gaban bangon da za a kafa aikin, tare da shugaban makaranta da wanda ke kula da ginin, kuma a je a lokacin da ɗalibai ke fitowa daga aji, domin a ga yadda ake turereniya a wurin da inda jakunkuna ke gogar bango. Inamel gilashi ne, yana jure gogayya amma ba ya jure duka, saboda haka ɗakin wasanni da duk wurin da ƙwallo ke iya kaiwa ba su dace ba. Ɗakin karatu, zauren shiga makaranta da bangon da ke saman kwanar matakala sun fi dacewa. A duba ko bangon yana tsattsafo da damina, a gano ko na bulo ne ko na siminti ko na allon da aka liƙa a kan katako, a kuma tabbatar babu wayar lantarki ko bututun ruwa a inda za a huda. Haske ma abin lura ne, domin fuskar inamel tana ƙyalli, kuma idan ta fuskanci taga kai tsaye mai kallo zai ga hasken tagar ne kawai ba zayyanar ba. Hasken da ke zuwa daga gefe ko daga sama ya fi fito da launi.

A wannan zama ne ya kamata a samu izinin hukumar makaranta a rubuce, a kuma fayyace wanda zai mallaki aikin da wanda zai kula da shi bayan an kafa.

Tsara zayyanar

Girman cikin tanderu ne ke yanke girman kowane falle. Ƙananan tanderun inamel na lantarki ba su da faɗi sosai, kuma ana bukatar a bar sarari tsakanin fallen da bangon tanderun ta kowane gefe domin zafi ya zagaya daidai, don haka falle mai santimita 15 a kowane gefe ma'auni ne da ke da sauƙin sarrafawa. Fallaye takwas a tsaye da takwas a kwance, da tazarar milimita 3 a tsakaninsu, za su ba da allo mai kimanin santimita 122 a kowane gefe. Siffofi uku ne kaɗai masu daidaitattun gefuna da kusurwoyi ke iya rufe fili su kaɗai ba tare da barin giɓi ba, wato alwatika, murabba'i da mai kusurwa shida. Murabba'i ya fi sauƙin yanka da jerawa, kuma ga aikin farko babu dalilin neman wahala da sauran biyun.

Hanya mafi albarka ga makaranta, a ganina, ita ce wadda wani malamin coci ɗan Faransa mai suna Sébastien Truchet ya yi nazarinta a shekarar 1704. Ya ɗauki murabba'i ya raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa, rabi da launi ɗaya rabi da wani, ya kuma nuna cewa da wannan falle guda, wanda ake iya juyawa ta fuska huɗu, ana samun zayyana iri-iri masu yawan gaske. Fallaye huɗu kacal, biyu a kan biyu, suna da hanyoyin jerawa 256. Akwai wani nau'in da ake zana rubu'in da'ira biyu a kusurwoyi masu fuskantar juna, wanda idan aka jera shi yake haifar da layuka masu lanƙwasa da ke zagaya allon duka. Amfanin wannan tsari a aikace shi ne duk fallayen iri ɗaya ne, takardar zane ɗaya za ta yi musu duka, idan ɗaya ya lalace kowane falle na ajiya zai maye gurbinsa, kuma ɗalibai suna da babban aikin da za su yi ba tare da sun kusanci wuta ba.

A yanka murabba'ai na kwali daidai da girman fallayen, a shafa musu launi, a ba kowane aji ya jera su a ƙasa yadda ya ga dama, a ɗauki hoton kowane jeri. Malamin lissafi zai samu darasin juyawa da madubi da maimaitawa a cikin wannan wasa ba tare da ya ƙirƙiro misali ba. Bayan an zaɓi jerin da za a yi, a liƙa kwalayen a kan bangon na ainihi na tsawon mako guda, a riƙa kallonsu daga nesa da kusa, da safe da yamma. Zayyanar da ta yi kyau a kan tebur takan rikita ido idan aka hange ta daga ƙarshen baranda, kuma gyaran kwali ba ya cin komai.

Game da launi, uku sun isa, huɗu kuma iyaka ne. Kowane launi ƙarin shiga wuta ne ga kowane falle, kuma kowace shiga wuta dama ce ta samun matsala. A zaɓi launukan da suka bambanta a haske da duhu, domin ɗalibin da ba ya bambance ja da kore shi ma ya ga zayyanar. Hanya mai sauƙi ta gwada wannan ita ce a ɗauki hoton kwalayen a mayar da shi fari da baƙi, idan siffofin suka ɓace to launukan sun yi kusa da juna.

Kayan aiki

Jan ƙarfen ya zama tsantsa. Tagullar da aka gauraya da zinki ba ta riƙe inamel da kyau, yakan yi ƙuraje ko ya ɓare bayan ya huce. Ga falle mai santimita 15, kaurin milimita 1.2 ya dace, domin wanda ya fi haka siranta yana lanƙwashewa a wuta. A bayar a yanka fallayen da injin yankan ƙarfe a lokaci guda, a ƙara aƙalla kashi goma cikin ɗari a kan adadin da ake bukata, da wasu ƙananan guntaye na gwaji daga ƙarfen guda. Inamel kuwa dole ne ya zama marar dalma, a kuma saye shi daga kamfani ɗaya, wanda aka yi domin jan ƙarfe, saboda launukan su yi daidai wajen narkewa da buɗewa da tsukewa. A sayi isasshe tun farko, domin launi mai lamba ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan dahuwa ta masana'anta zuwa waccan.

Sauran kayan su ne rariya mai ido 80 a kowane inci, wadda ita ce daidai da girman ƙwayar garin da aka saba sayarwa. Ruwan ƙaro na musamman da ke riƙe gari kafin a gasa. Mazaunin ƙarfe mai ƙafafu wanda ke riƙe falle ta gefunansa kawai. Ragar ƙarfe da dogon cokali mai yatsu na saka ta a tanderu. Magagari, samfefa da dutsen goge gilashi. Faranti mai nauyi na ƙarfe domin danne falle mai zafi. Da asid na sitirik domin wanke ƙarfe. Mai barbaɗa gari ya sa takunkumi mai tace ƙura ƙanana, irin N95 ko wanda ya fi shi, domin ƙurar gilashi tana cutar da huhu. Mai buɗe tanderu ya sa safar hannu mai jure zafi, tufafin auduga, da tabarau mai kare ido daga hasken zafi. Ba a ci ko sha a ɗakin, ba a kuma share garin da tsintsiya, da tsumma mai laima ake kwashe shi. Gasawa da taɓa asid aikin manya ne kaɗai. Manyan ɗalibai na iya barbaɗa gari idan malami na tsaye a kansu, ƙanana kuma aikinsu ya tsaya ga kwali da zane.

Gwaji kafin aiki

Launin garin da ke cikin kwalba ba shi ne launin da zai fito daga wuta ba, don haka a gasa guntun gwaji na kowane launi, a kan irin shimfiɗar farko ta inamel da za a yi amfani da ita a ƙarƙashin launukan, a kuma maida shi wuta adadin da fallen ainihi zai shiga. Nan ne ake gane halin kowane launi. Shuɗi, wanda yawanci daga sinadarin kobal ake samunsa, mai haƙuri ne, yana shiga wuta sau biyar bai canja ba. Ja da ruwan lemu da rawaya masu haske, waɗanda galibi ke ɗauke da kadmiyam da seleniyam, suna ƙonewa su yi baƙi a gefuna idan wuta ta yi yawa ko aka maimaita ta, saboda haka a ƙarshe ake sa su. Fari mai laushi idan ya sha wuta da yawa yakan jawo kore daga jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, abin da wasu masu fasaha ke nema da gangan, amma a zayyana mai maimaituwa ba a iya sa shi ya fito iri ɗaya a kowane falle. A buɗe littafi a rubuta lambar launi, zafin tanderu, mintocin da aka yi da abin da ya fito. Wannan littafi shi ne zai sa falle na sittin ya yi kama da na farko.

A wannan mataki ne kuma ake yanke yadda jan ƙarfen kansa zai bayyana a cikin zayyanar. Hanya ɗaya ita ce a saka fallaye ko sanduna na jan ƙarfe tsirara a tsakanin masu inamel, a goge su su yi ƙyalli, a shafa musu fentin kariya marar launi ko kaki. Matsalarta a makaranta ita ce gumin hannu yana cin wannan kariya, kuma cikin 'yan shekaru wuraren da aka fi taɓawa za su yi duhu. Hanya ta biyu, wadda na fi amincewa da ita, ita ce a rufe ƙarfen da aka goge da inamel marar launi, wanda ake ganin ƙarfe ta cikinsa. Idan ya samu wuta sosai yakan fito da launi tsakanin zinariya da ja-ja, idan kuma wutar ta gaza yakan fito da jan duhu mai gizo, sai a maida shi tanderu a ɗan ƙara zafi har ya washe.

Shirya ƙarfen

A bi gefunan kowane falle da magagari a kashe kaifinsu, a ɗan zagaye kusurwoyin. Idan da sukuru za a ɗaure fallayen, yanzu ne lokacin huda ramukan, kuma a yi su su ɗan fi sukurun faɗi tun da inamel zai rage su. Bayan an gasa babu sauran huda. Sannan a sa fallen a tanderu mai zafi na minti ɗaya ko biyu domin maiƙon masana'anta ya ƙone ƙarfen kuma ya yi laushi, a bar shi ya huce, a tsoma shi a ruwan asid mai ɗumi har baƙin ɓawon da wuta ta haifar ya saki. Wajen haɗa ruwan, asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid, kuma ba a tsoma awartakin baƙin ƙarfe a ciki, sai na roba ko na jan ƙarfe. A ɗauraye, a goge da samfefa mai laushi ko garin goge-goge, a sake ɗauraya.

Gwajin tsafta a nan shi ne ruwa. Idan aka zuba shi ya shimfiɗu a kan fallen gaba ɗaya, ƙarfen ya tsarkaka, idan kuwa ya tattaru ya zama ɗigo-ɗigo to akwai sauran maiƙo, kuma a daidai wurin inamel zai janye ya bar tabo. Daga nan ba a ƙara taɓa fuskar fallen da yatsa, ta gefuna ake riƙe shi.

Rufe bayan falle

Mutane da yawa suna ganin rufe bayan falle ɓarnar gari ce tun da ba wanda zai gan shi, alhali shi ne ke riƙe da aikin. Jan ƙarfe ya fi gilashi tsukewa idan yana hucewa, saboda haka falle mai inamel a fuska ɗaya kawai yakan lanƙwashe, gilashin kuma ya tsage ko ya ɓalle, wani lokaci ma bayan watanni yana rataye a bango. Idan aka sa inamel a fuskoki biyu da kauri kusan ɗaya, jan da suke yi wa ƙarfen sai ya daidaita. A fesa ruwan ƙaro kaɗan a bayan fallen, a ɗora shi a kan wani abu da zai ɗaga shi daga tebur, a shimfiɗa takarda mai tsafta a ƙasa domin tara garin da ya zuba, a riƙe rariya kimanin santimita 15 a sama ana ɗan buga gefenta da yatsa. A fara da gefuna, a zagaya su, sannan a shigo tsakiya, domin a gefuna ne inamel ke janyewa ya ƙone. Garin ya rufe ƙarfen har ba a ganin jansa, amma kada ya yi tudu. Ragowar launuka da aka haɗa wuri ɗaya sun isa wannan aiki. Bayan an gasa, fuskar gaba za ta yi baƙin ɓawo, sai a sake wanke ta a goge kamar da, ba tare da an bar fallen ya daɗe a asid ba, domin yana dusashe ƙyallin wasu launuka. Bayan gasawar ƙarshe, a rubuta lambar falle a bayansa da alƙalamin da ba ya gogewa.

Gasawa

A kunna tanderu ya kai kimanin digiri 800 ya kuma zauna a haka na ɗan lokaci kafin a fara. Fallen ya bushe sarai tukuna, domin laimar da ta rage takan tafasa ta watsa garin, kuma saman tanderu wuri ne mai kyau na busarwa. A ɗora shi a mazauninsa, a ɗauka da cokali mai yatsu, a buɗe ƙofa a saka a rufe da sauri amma ba da girgiza ba. Zafin zai faɗi da zarar an buɗe ƙofa, sai a jira ya dawo. Falle mai wannan girma yakan ɗauki minti biyu zuwa huɗu, amma ido ne alƙali tare da agogo. Garin yana bin matakai uku da masu sana'ar suka sa wa suna: na sikari, lokacin da ƙwayoyin suka fara manne wa juna, na ɓawon lemu, lokacin da suka narke amma fuskar na da gurɓi-gurɓi, da na ƙyalli, lokacin da ta kwanta sumul. Duk shimfiɗun farko a tsayar da su a mataki na biyu, a bar cikakken ƙyalli sai gasawar ƙarshe, domin kowace komawa wuta tana ƙara narkar da abin da ke ƙasa.

Idan falle ya fito a ɗan lanƙwashe, a zare shi daga mazauni da sauri a ɗora a kan farantin ƙarfe mai tsafta a danne shi da wani mai nauyi tun gilashin bai daskare ba, wato cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya makara ya danna bayan ya fara sanyi zai fasa shi. A bar shi ya huce a hankali nesa da iskar fanka ko taga, kuma kada a kuskura a tsoma shi a ruwa. Bayan kowace gasawa a goge baƙin ɓawon gefuna da dutse a ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba ɓurɓushinsa zai yi tsalle ya faɗa kan launi a gasawa ta gaba ya zama baƙin ɗigo da ba ya fita.

Fitar da zayyanar

Bayan fuskar gaba ta samu shimfiɗar farko, wadda sau da yawa sai an yi ta sau biyu kafin ta rufe da kyau, sai a zo kan zanen. A yanke siffar a jikin takarda mai ɗan kauri ko siririyar roba, kuma a haɗa wani ɗan firam na katako mai kusurwa wanda falle da takardar za su riƙa zama a cikinsa a wuri ɗaya kowane lokaci. Wannan ɗan firam ne ke tabbatar da cewa layin da ya fita daga gefen falle ɗaya ya haɗu da na maƙwabcinsa. Idan takarda ce a ɗan jiƙa ta domin ta kwanta ta manne, a fesa ruwan ƙaro, a barbaɗa launi na biyu siriri, sannan a ɗaga takardar tsaye zuwa sama da hantsaki ba tare da an ja ta gefe ba. Ƙwayoyin da suka ɓata hanya a ɗauke su da bakin burushi mai laima. Wanda ke son siraran layuka zai iya karce su a cikin busasshen garin da tsinke mai kaifi, launin ƙasa ya bayyana ta cikinsu.

Babban sharaɗi a nan shi ne kada a gama falle ɗaya daga farko har ƙarshe sannan a koma na biyu. A yi bayan dukkan fallayen, sannan shimfiɗar dukkansu, sannan launi na biyu a kan dukkansu, da hannun mutum ɗaya ko biyu a kan rariya, kowane falle kuma ya shiga wuta adadi ɗaya da 'yan uwansa. Duk da haka za a samu ɗan bambanci tsakanin na safiya da na yamma, domin tanderu yana ƙara riƙe zafi yayin da yini ke tafiya. Maganinsa shi ne a shimfiɗa fallayen duka a ƙasa kafin a liƙa, a cakuɗa masu ɗan duhu da masu ɗan haske ko'ina a allon. Bambancin da aka warwatsa yakan ƙara wa aikin rai, wanda ya taru a kusurwa ɗaya kuwa tabo ne.

Haɗawa da kafawa

A lissafa nauyi tun kafin a kira kafinta. Guntun jan ƙarfe mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana da nauyin giram 8.96, don haka falle mai santimita 15 da kaurin milimita 1.2 ya kai kimanin giram 240, fallaye 64 kuma sun haura kilo 15. Idan aka haɗa da gilashin da ke kansu, da allon filawud mai kaurin milimita 18, da firam, aikin zai kusanci kilo 40. Idan ya fi haka girma gara a raba shi gida biyu ko huɗu, kowanne da allonsa. A shafa wa allon fenti a fuskoki biyu da gefuna domin kada ya sha laima, a yi wa fuskar gaba launi mai duhu tun da za a hango ta ta tsakanin fallaye, a zana layukan jeri a kanta.

Silikon, wato man liƙi da ke zama kamar roba idan ya bushe, ya fi gam mai ƙarfi dacewa da liƙawa, domin yana barin ƙarfe da katako su ɗan motsa da sauyin zafi. Amma a nemi nau'in da ba ya warin tsami idan yana bushewa, domin mai warin yana fitar da asid da ke cin jan ƙarfe. Ɗigo biyar a bayan kowane falle sun isa, huɗu kusa da kusurwoyi ɗaya a tsakiya, a sa 'yan guntayen roba masu kaurin milimita 3 a tsakanin fallaye, a bar allon a kwance na kwana biyu ko fiye. Idan da sukuru aka zaɓa, ya zama na ƙarfe marar tsatsa ko na tagulla, a sa ɗan zoben roba tsakanin kan sukurun da gilashin, a ɗaure da hannu a tsaya da zarar ya kama. Firam ɗin ya ɗan fi fuskar fallayen tudu, ya rufe gefunan waje gaba ɗaya, domin yatsa ko bakin rula kada su samu wurin shiga su ɓanɓare falle.

Hanyar ratayewa mafi aminci ita ce dogayen katakai biyu da aka yanke gefensu a karkace, ɗaya a jikin bango ɗaya a bayan allo, su shiga cikin juna su raba nauyin a kan faɗin aikin duka. Na bangon a kafa shi da ƙusoshin bango masu buɗewa a cikin bulo ko siminti, ko a cikin ginshiƙan katako idan bangon allo ne, a daidaita shi da ma'aunin magina. Tun da irin wannan rataya ana iya ɗaga ta sama a cire, a ƙara sukuru biyu a ƙasan firam, irin waɗanda ba a kwance su da sukundireba na yau da kullum. Wasu makarantu sukan so a rufe aikin da roba mai gani-ta-ciki. Tana kare shi daga duka, amma tana karcewa kuma tana kashe zurfin launin, don haka gara a ɗaga aikin sama da kafaɗar ɗalibai ko a sauya masa bango idan hakan zai yiwu.

Daga ƙarshe a miƙa wa ofishin makaranta fallayen ajiya a naɗe cikin takarda mai laushi, da taswirar jerin mai lambar kowane falle da fuskar da ya kalla, da kwafin littafin gasawa, da takarda ɗaya ta kulawa: tsumma mai laushi da ruwa da ɗan sabulu, ba soson ƙarfe, ba garin goge-goge, ba ruwan wanke gilashi mai amoniya a kan jan ƙarfen da ba a rufe ba. Sau ɗaya a shekara mai kula da gini ya girgiza firam ɗin ya ji ko ya saki, ya bi fallayen da tafin hannu ya nemo wanda ke motsi. Idan gefen wani ya ɓare, a rufe wurin da tef nan take saboda kaifin gilashin, sannan a zura siririyar waya ta bayansa a yanke silikon, a cire shi, a liƙa na ajiya yana kallon fuskar da taswira ta nuna.